Tukunya Biyu a Gidan Tela

Shugaban taro, malamanmu, likitarmu, masu lambun da suka tara mu a yau, iyayena mata da maza, assalamu alaikum.

Godiya ta tabbata ga Allah, sannan gare ku da kuka miƙa wa tsohuwa lasifika, alhali kun san sai an ƙwace.

An tambaye ni ko barin nama ya dace da kowa. Ni ba likita ba ce, ba malama ba ce, amma ni ke ɗora tukunya biyu a gidan tela.

Da farko, maigidana tela ya daɗe da barin nama. Bai taɓa cewa haram ne ba. Cewa yake idan ciki ya yi sauƙi, zuciya kan natsu a salla. Na kuwa shaida. Mutumin da a da in almakashinsa ya ɓace sai gida ya ɗauki zafi, yau ko yaro ya taka masa yadi sai murmushi. Wake da ganye suka riƙe shi, ga shi can garau.

Na biyu, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Autarmu ta bi sahun ubanta. Da ta samu juna biyu jininta ya yi ƙasa, jiri ya riƙa kayar da ita a bakin murhu. Aka ba da magani, aka ƙara ganye, jiki bai karɓa ba. Likita ta ce a haɗa da hanta, don tana jiye mata tsoron ranar haihuwa. Yarinya ta kafe, wai kada ta rasa natsuwar da Baba ya samu. Na yi faɗa, na yi lallashi, na yi kuka, duk a banza.

Sai tela ya rufe keken ɗinkinsa ya nufi wurin mahauci, har mahaucin na tambayarsa ko ɓatan hanya ya yi. Ya gasa hantar da hannunsa, ya zauna kusa da ita, ya ce: "Auta, na bar nama ne don zuciyata ta yi laushi. Zuciyar da ta yi laushi ba ta kallon 'yarta tana faɗuwa." Shi ya fara kai loma bakinsa, sannan ta ci.

Har yau tukunyata biyu ce, ɗaya da nama ɗaya babu, ban kuma gaji ba. Kukan jaririn da ya katse shugaban taro ɗazu, jikana ne, a yi mana haƙuri.

Allah Ya saka wa likita da masu lambu da alheri, Ya ba kowa abincin da zai karɓe shi, Ya mai da mu gida lafiya.

Na gode.