Ɗigon da ke Kan Tudu

A layin shagon wanke hotuna, wani dattijo ya leƙa hoton da ke hannun matar gabansa.

"'Yata, tudun ya fito, amma haske ya cinye sama. Ko gajimare ɗaya babu. Da kin rage hasken."

"Na gwada, Baba. Ina ragewa sai ƙasa ta yi duhu."

"To me ke ƙasan? Ai ciyawa ce kawai."

"Duba nan."

Ya gyara tabarau. "Wannan ɗan ɗigon?"

"Mahaifiyata ce. Tun da aka yi mata aikin ƙafa, ranar ce ta fara hawan tudun nan ba sanda. A kanta na auna hasken."

Dattijon ya fashe da dariya. "Ashe ni ne ban iya kallo ba. Ki sa a wanke miki babba. Gajimare gobe ma akwai."