Na Yi Ihun Wuta, Aka Ce Ba a Kawo Ba

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, 'yan'uwana mata na zumunta, da iyayenmu da ke zaune. Sunana Saratu, wasu sun fi sanina da Maman Rahila. Fasto ya ce in taƙaita. Zan gwada, amma kun san bakina.

Shekara huɗu ina sayar da zuwa-zuwa a nan Garwa, fetur ɗin nan da ake shigowa da shi ta ɓarauniyar hanya. 'Yan kwalabe kuke gani a bakin titi. Jarkokin kuwa suna ɗakin da nake kwana, ƙarƙashin gado da bayan labule. Sai in fesa turare a zanina in zo sujada, in zauna gaba, in fi kowa ɗaga murya.

Bayan tagata akwai juji. Hukuma ta hana ƙona shara cikin unguwa, amma lungunmu ya yi wa mota ƙunci, don haka duk wanda wari ya ishe shi sai ya ƙyasta ashana ya wuce abinsa. Ni ma na sha yi. Da tsoro ya kama mutane, aka kira taro ƙofar jauro, mai unguwarmu. Hajiya Asta, tsohuwar da bangonmu ɗaya da ita, ta miƙe ta ce ita ba sharar kaɗai ke hana ta sakewa ba, warin fetur take ji ta bango.

Na tashi na wanke ta tas. Na ce hancinta ne ya tsufa. Na ce don ni Kirista ce 'yar dutse shi ya sa ta sa mini ido. Na rantse gaban jama'a ko ɗigo babu a ɗakina. Ƙarya nake yi, kuma na jawo sunan Ubangiji cikinta.

Wata Talata da rana, cikin zafin Afrilu, aka ce 'yan duwan, wato kwastan, suna zagayen neman fetur. Muna da dabararmu: maigidana Yakubu ya rufe ni ciki, ya ɗana kwaɗo ta waje, wanda ya zo ya ɗauka ba kowa. Haka ya yi, ya hau babur ya tafi tasha da makullin. Wayata kuma a mace, don kwana biyu an ɗauke wuta.

Ina kwance sai na ji ƙauri. Na leƙa ta tsakanin ƙarafan taga, na ga wani ya cinna wa jujin wuta, iska na tura ta wajena. Ta riga ta kama zanan da ke jingine da bangona. Na taɓa jarka ɗaya, ta kumbura kamar cikin akuyar da ta ƙoshi. Na ja ƙofa, na buga da kafaɗa, ko gezau.

Na kai bakina jikin taga na ce, "Wuta! Wuta!"

Sai muryar Hajiya ta tsallako bango, hankali kwance. "Ina fa, Maman Rahila, ba su kawo ba. Ƙanƙarata ma duk ta narke."

Na ce, "Ba ta lantarki ba, Hajiya, juji ke ci."

"Yo ba kullum yake ci ba? Rufe tagarki, yanzu zai mutu."

"A kulle nake, Yakubu ya tafi da makulli."

"To bari in aika tasha a nemo shi. Daure, ɗan hayaƙi ne."

'Yan'uwa, gaskiyarta. Wa zai fasa kwaɗon mutum saboda hayaƙin shara? Magana ɗaya ce za ta sa a rugo, ita ce kuma wadda na rantse a kanta. Kun san me na yi? Shiru na yi. Hayaƙi na shiga, ina tari, ina tunanin abin da za a ce da ni a unguwa. Na ji tsoron mutuwa ƙwarai, amma kunya ta riƙe mini harshe.

Na durƙusa tsakanin jarkokin. Na ce, "Yesu, ka kashe wutar nan, ba wanda zai sani, ni da kai ne kawai." Wutar ba ta mutu ba, har na fara jin zafinta a bango. Na sake cewa, "Ubangiji, na gaji. Idan ba za ka kashe ta ba, ka buɗe mini baki."

Ya kuwa buɗe. Na kama ƙarfen taga na ce, "Hajiya, fetur ne cike da ɗakina. Ƙarya na yi miki."

Ban taɓa sanin tsohuwar nan na da gudu ba. Salatinta kawai na ji, sai ga ƙarar taɓarya a kan kwaɗo. Mata suka fito da bokitai, maza suka janye zanan da sanduna. A bugu na nawa ne ban sani ba, ƙofa ta buɗe, aka jawo ni waje. Aka fito da jarkokin ɗaya bayan ɗaya, aka jera su a titi, unguwa duka na kallo.

Na jira Hajiya ta rama. Ta miƙo mini ruwa a moɗa, hannunta na jini, ta ce, "Saratu, jikokina uku a jikin bangon nan suke kwana." Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Yakubu ya dawo ya tarar da ni zaune a ƙasa. Na ce masa fetur ya gama kwana a ɗakina. Yanzu tumatir da albasa nake kasawa, ana ci da ƙyar, amma ina barci.

Na gode wa Allah da bai amsa addu'ata ta farko ba. Idan akwai wadda ta ɓoye abu tana roƙon Ubangiji ya rufa mata asiri, ki dogara gare shi ki faɗa da bakinki tun ƙofarki na buɗe. Ni sai da aka fasa tawa. Yabo ya tabbata ga Yesu. Amin.