Jan Mai a Ƙarƙashin Motar Yaya

Matar Yaya: Salamu alaikum. Injiniya, kana ji na?

Makanike: Wa alaikumus salam. Matar Yaya, yau da rana tsaka? Ina wuni?

Matar Yaya: Lafiya lau. Ya gareji, ya yara?

Makanike: Alhamdulillah. Ya jikin Yaya?

Matar Yaya: Da sauƙi. Dama tambaya ce. In mota tana hayaƙi, kuma tana zubar da wani jan abu...

Makanike: Jan me? Maganarki na yankewa.

Matar Yaya: Jan mai! Kamar jini.

Makanike: Man giya ke nan. Wace mota?

Matar Yaya: Mai ƙofa biyun.

Makanike: Motar tseren? Ba na ce kar a taɓa ta sai na duba ba?

Matar Yaya: Tawa ta ƙi tashi, kuma yau ranar wankin ƙodarsa ce. Ƙarfe huɗu aka ba mu. In muka rasa layin sai jibi, ga ƙafafunsa sun kumbura. Wallahi tsoro nake ji.

Makanike: Kuna ina yanzu?

Matar Yaya: Bakin titi, bayan gada. Ina taka ta tana ihu ba ta tafiya, can sai ta fizga.

Makanike: Giya ce ke zamewa, mai ya yi ƙasa. Kin kashe ta?

Matar Yaya: Na kashe.

Makanike: Hayaƙin daga bakin salansa yake, wato bututun baya, ko daga ƙasa?

Matar Yaya: Ta bayan motar na fara ganin sa.

Makanike: Ki durƙusa ki duba, kar ki taɓa komai. Fari ne ko baƙi?

Matar Yaya: Fari-fari. A'a, ba daga bakin ba ne, daga tsakiyar motar yake fitowa. Yana ɗiga a kan bututun, yana cuu kamar an zuba ruwa a kasko.

Makanike: To inji lafiyarsa ƙalau. Tiyon man giya ne ya fashe, yana zuba kan salansa mai zafi. Yaushe ta fara ɗiga?

Matar Yaya: Sati uku. Nakan shimfiɗa kwali, da safe in cire.

Makanike: Sati uku, matar Yaya, ina raye?

Matar Yaya: Shi ya hana a gaya maka. Ya ce tun da ka ce ya sayar da ita, ba za ka ƙara sa mata hannu ba. Da kansa ya kwanta ƙasa ya ɗaure wurin da robar tayar keke.

Makanike: Roba? A kusa da salansa? Mutumin da ya koya mini riƙe sifana! Ai tsugune ba ta ƙare ba. Ki saurare ni, kar a sake tada motar nan. Man nan wuta yake kamawa. Ki fito da Yaya, ki tare tasi, ni zan zo in ja ta.

Matar Yaya: Na tare har biyu, ya ƙi fita. Ya ce shekara ashirin bai taɓa barin ta a titi ba.

Makanike: Ba shi wayar.

Matar Yaya: Maigida, ga ƙaninka... Ya kau da kai. Wai saura kilomita uku, in aka lallaɓa za ta kai.

Makanike: Ba za ta kai ba! Ce masa na janye maganar sayarwa, har abada. Ce masa ni na yi kuskure. Makullin yana hannunki?

Matar Yaya: Makullin... na bar shi a jiki.

Makanike: Je ki zare shi yanzu. Wannan ƙarar fa? Matar Yaya, ƙarar mece ce wannan?

Matar Yaya: Ya koma kujerar direba. Maigida! Maigida, don Allah ka tsaya, ka...

Makanike: Halo? Halo?