Ko Sunan Ɗana Ban Sani Ba

Jama'a, wa ya taɓa haihuwa anka ce mishi tambayar ɗansa rashin kunya ne? Malam mai karanta wasiƙu, ina gaisuwa. Ni ne Bawa daga Wurno. Don Allah kada ka tsallake komai.

Ni da matata Hajo mun bi Almasihu, tare muke addu'a. Da cikinta na fari ya tsufa, iyayenta sunka tafi da ita Taloka goyon ciki. Ban hana ba, al'ada ce. Ta haihu, anka raɗa suna ba a kira ni ba. Ta gama wankan jego tuni, har an yanke gero, shiru.

Na tafi da kaina. Surukina ya turo ƙanensa zaure, wai suruki ba ya zama da suruki. Na ce, "Baba, yarona nika son gani." Ya ce, "Mi kaka faɗi? Ɗan fari kaka ambata da bakinka? Addinin nan har kunya ya cire maka?" Ina jin kukan yaron bayan zana, haka na juyo. Ba ni da sauran wurin kai kuka.

Dattawan Taloka, na san kuna gaban akwatin rediyo. Kunya ta hana, ko don na bi Almasihu? Ku aiko amsa a karanta kowa ya ji. Mine ne sunan ɗana?