Ƙwayar Ƙiba da Baƙin Wuyana

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, cikin sunan Ubangijinmu Yesu Kristi. Sunana Rifkatu. Ban iya magana a gaban jama'a ba, shi ya sa na rubuto.

Ƙarfe huɗu da kwata na yammacin wata Asabar na haɗiye ƙwayar farko. Na san lokacin ne domin komai nakan rubuta. A ranar, Inna Ladi, mai ɗinka mana ankon mawaƙa a Gwaram, ta auna ni ta ce, "Rifkatu, yau tsinken tsintsiya zan yi wa riga? Ba a ba ku abinci ne a makarantar?" Aka yi dariya. Daga can na wuce kemis na sayi ƙwayar ƙiba, wadda ake kira sha-ka-fashe.

Shekara biyu ina sha a ɓoye, ni da nake koyon aikin gwajin jini a Birnin Kudu! Na yi ƙiba, kowa yana cewa na yi kyau. Sai wuyana ya yi baƙi. Mama ta ɗauka dauɗa ce, ta dirje shi da soso har fata ta saɓule. Sau uku na gwada sukarina, lafiya lau. Amma tsoro bai sake ni ba, domin ciwon sukari ne ya makantar da Babanmu.

Malamarmu, Malama Hadiza, ta nemi ɗalibai su ba da jini don wani bincikenta. Kunyar ƙi ce ta sa na bayar. Da sakamako ya fito ta kira ni ofis.

"Kitse ba ajiya ba ne kawai," in ji ta. "Yana sakin wani furotin cikin jini, adifonektin, mai taimaka wa insulin, sinadarin da ke rage sukari a jini. In kitse ya yi yawa, sai furotin ɗin ya ragu. Naki ya yi ƙasa sosai. Jikinki ya fara ƙin jin insulin, baƙin wuyan nan ma alamarsa ce. Me kike sha?"

Na ce ba komai.

Ran Lahadi, da aka tashi sujada, na durƙusa a bencin baya na ce, "Ya Yesu, na raina jikin da ka ba ni. Ka ba ni bakin faɗin gaskiya." Washegari na ajiye kwalin ƙwayar a teburin Malama.

Ta haɗa ni da likita. Ya ce daina irin wannan ƙwaya farat ɗaya haɗari ne, sai aka riƙa ragewa. Na bar lemon kwalba, na rage tuwo, na koma zuwa aji a ƙafa. Wata takwas, kuma da wuya. Ubangiji ne ya riƙe ni, yabo ya tabbata gare shi! 'Yan'uwa mata, ku dogara gare shi, kada dariyar mutane ta kai ku kemis.

Da aka maimaita gwajin, na daure na tambaya, "Malama, zan makance kamar Baba?"

Ta duba takardar sakamakon.

"Gaibu sai Allah, Rifkatu. Amma jinin nan ba hanyar Babanki ya nufa ba. Furotin ɗin ya ƙaru, jinin ya juyo."