Kwalekwalen da Ya Raba Ni da Illiya

Salamu alaikum mai gabatarwa, sannu da ƙoƙari. Sahabi mai atamfa ne daga Zongo, Kwatano.

'Yata ta kawo littattafan yara daga lekol, wato makaranta, labarin wasu 'yan'uwa masu bin sawun ɓarayi a wata kasuwa. Ni da maƙwabcina Illiya, mutumin Maraɗi, muka fi yaran kamuwa. A littafi na biyu ɓarawo ya tsere a kwalekwale, masu babur da riguna ruwan ɗorawa suka tare shi a gada. Na ce Tokpa ce, kasuwarmu ta nan Kwatano. A na huɗu, kasuwar nan dai, babu ruwa sai raƙuma. Illiya ya ce dama Maraɗi ce.

Muna cin tuwo a tire ɗaya na ce, "To a kan yashi aka tuƙa kwalekwalen?" Jama'a suka kwashe da dariya. Ya tsame hannu ya tashi. Yanzu ko gaisuwata ba ya amsawa.

Masu sauraro, marubucin ne ya manta, ko kasuwa biyu ce? Illiya, ina jiyo rediyonka, na san kana ji. Har yau tuwon mutum biyu ake kawo mini.