Tsinken da na cusa wa injin Malama Ramatu

Kuɗin jirgina shagona ne ya biya su. Na sayar da shi har da fankokin mutane uku da ban gama gyarawa ba, masu su kuma sai da na isa Nuyok ta Amurka suka ji labarina. Ku daina dariya, ku da kuka gama sakandare me kuka sayar? Ni daga aji uku na yi wa makaranta sallama, amma duk Fagge ba wanda ya kai ni sanin waya.

A Jameka na sauka, wata unguwa a Nuyok, gidan wani Alhaji Ɗan Maraɗi. Jirgin ƙarƙashin ƙasa suna ce masa sabuwe, na ce wannan tsohuwe ne, ku ji ƙararsa. Da na yi sati biyu na gyara wa Alhaji hitar ɗumama ɗaki ba tare da ya sa ni ba, wutar gidan gaba ɗaya ta ɗauke. Ya ce wa ya aike ni, na ce tausayi. Ya ce in tattara tausayina in bar masa ɗaki. Na koma talla a titin Kanal Sitirit, sanyi ya kusa cire mini kunne, wata rana shayi kawai nake kwana da shi. Da wani ɗan Kumasi ya samo mini shara a wata jami'a can bayan gari, har kuka na yi. Aikin nan shi ne abincina, shi ne katifata.

Ƙarƙashin ƙasa nake shara, inda suke da wani inji mai tsawon layinmu. Nan na haɗu da Ramatu, 'yar Zangon Kumasi, mai neman digirin dakta. Uwarta jinyar tsofaffi take yi don ta yi karatu. Kawu take ce mini, ni kuma Malama. Ta bayyana mini aikinta ina riƙe da tsintsiya. Wai kowace ƙwayar zarra tana da cibiya, in an harbo ta da ƙarfi aka buga da wata sai ta fusata, kafin ƙiftawar ido ta huce ta tofar da haske. A ɗan lokacin fushin nan tana da maganaɗisu nata, shi Ramatu ke son aunawa. Sai a bi da cibiyar ta cikin falle na ƙarfe da ya fi bawon albasa siranta, ƙarfen ya ɗan murɗa ta, na'urori su ƙirga ta ina hasken ya fito. Na ce ashe masifaffiya ake aunawa, da kun zo Fagge. Shekara guda ta jira aka ba ta injin na kwana biyar. In ba ta samu lamba ba, tallafinta ya ƙare.

To akwai wani akwati a bango da ke yin ƙwas duk bayan 'yan mintoci, allurarsa ta faɗi hagu, can ta koma dama. Ku kun san abin da wannan ke nufi a gidajenmu, wuta ce ke rawa. Ranar Laraba, kwana na uku, na idar da azahar na buɗe akwatin, na karyi tsinken tsintsiya na tokare abin da ke motsi. Ƙwas ya daina. Na rufe ina cewa duk turawan nan ba mai kunne sai ni. Niyyata in bari sai sun gama, in fito in karɓi yabo.

Ranar Juma'a da safe na tarar da ita gaban kwamfuta, ido jawur, ɗankwali ya zame ba ta sani ba. Shugabanta, wani dogon bature, yana tsaye yana tambayarta ko ta tabbata ta iya lissafi. Da ya fita na tambaye ta. Ta ce maganaɗisun injin juya shi ake da gangan, sama sannan ƙasa, bambancin ƙirgan biyun shi ne awon gaba ɗaya. Kwana biyun farko bambanci ya fito, daga nan ya narke, kuma ba ta san wanne ne gaskiya ba.

Na ce, "Malama, me ke juya shi?"

Ta nuna bango ba ta ko waiga ba. "Akwatin can, Kawu."

Na shiga bayi na zauna. In na zare tsinken a ɓoye ba wanda zai sani, amma ba za ta taɓa gane inda ɓarnar ta fara ba, sai ta zubar da ƙirgan duka. In na faɗa, na koma Kanal Sitirit da sanyi. Na fi rabin awa a ciki, har na yi alwala sau biyu ba dalili.

Na fito na ajiye tsinken a kan teburinta. Ta dube shi, ta dube ni. Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga.

Ta ce, "Yaushe?"

"Laraba, ina idar da azahar."

"Ka tabbata azahar? Ba la'asar ba?"

"Ƙarya nake yi a komai, Malama, ban da lokacin salla."

Ta duba jadawalin salla a wayarta, ta yanke duk ƙirgan da ya biyo bayan lokacin, akwati ya ci gaba da ƙwas na kwanan da ya rage. Ni kuwa kafin la'asar baturen ya karɓi katin aikina. Na ce masa gyara na yi, ya ce ƙofa tana can.

Na ƙara wata huɗu ina fama, sannan 'yan masallacinmu na unguwar Halem suka haɗa mini tikiti. Ana jibi zan taho ta same ni bayan sallar Juma'a. Ta ce ta samu lambarta, ta ci. Sai dai kowace lamba ana rubuta iyakar shakkunta a gefe, nata shakkun ya yi faɗi saboda kwana biyun nan, kuma a ɗakin yanzu Kawu suke ce wa shakkun.

Jaka ɗaya na dawo da ita. Amma a cikinku wa aka taɓa raɗa wa wani abu sunansa a Amurka?